Farar Giwa a Bakin Bature

  

Yau a wannan fili namu na fahimtar Turanci a rediyo, magana ɗaya za mu ɗauka. Kalma biyu ce kacal: "white elephant". Bari in sake faɗa a hankali. "White elephant." Ta farko tana nufin fari. Ta biyu tana nufin giwa. In ka haɗa su, ka sami farar giwa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Bahaushe in ya ji an ambaci giwa, girma ne ke faɗo masa a rai. Da giwa muke yi wa sarakuna da manyan mutane kirari. In kuma ya ji an ce fari, alheri yake tsammani: farin ciki, farin jini, farar aniya. Saboda haka wanda ya karanta a jarida cewa wani aikin gwamnati "white elephant" ne, yana iya ɗauka yabo aka yi. Ina roƙonku, ku riƙe wannan tun daga farko: suka ce. Suka ce mai zafi kuwa. Duk wanda ya kira aikinka da wannan suna, cewa yake yi ka zuba dukiya a inda ba za ta dawo ba, kuma har yanzu kana kan zubawa.

Ga yadda hirar tamu za ta tafi. Za mu fara da ma'ana. Daga nan mu yi tafiya mai nisa zuwa inda maganar ta samo asali. Sai mu duba wasu manyan ayyuka da aka laƙaba wa sunan. A ƙarshe mu ga yadda ake sa ta cikin jimla ba tare da an yi tuntuɓe ba.

Mu fara da ma'ana.

Idan mai jin Turanci ya ce abu "white elephant" ne, abu huɗu yake nufi a dunƙule. An kashe dukiya mai yawa wajen samunsa. Riƙe shi yana cin kuɗi kullum. Amfaninsa kaɗan ne, ko ma babu. Rabuwa da shi kuma ta gagara. Ku sake ji: tsada, cin kuɗi kullum, ƙarancin amfani, da wuyar rabuwa.

Mu ɗauko misali daga unguwa. A ce ga wani malamin firamare, albashinsa daidai cefanen gida. Yayansa da Allah ya buɗa wa a birni ya aiko masa da wata ƙatuwar mota kyauta. Ranar da ta iso, 'yan unguwa suka yi ta shigowa taya murna. Wata ɗaya, wata biyu, sai lissafi ya fara bayyana. Cika tankinta ya kusa lashe albashin. Taya ɗaya in ta fashe, sai an ci bashi. Bakaniken unguwa ya duba injin ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, kayan gyaranta sai an yo odarsu daga nesa. Lungun gidan ma ba ta shiga, sai an biya mai gadi a bakin titi. Malam ya koma kan babur ɗinsa na da, mota tana rufe da tamfol.

Wata rana uwargida ta ce, "Malam, motar nan fa tana cin kuɗin da ya kamata a ce na makarantar yara ne. Ko sayar da ita za a yi?"

Ya ce, "Haba, ke kuwa. Kyautar Yaya ce. In ya zo da salla ya tambaya, da wane ido zan dube shi?"

To, wannan amsa ta malam ita ce ta cika ma'anar. Da zai iya sayarwa, da ta zama jari. Kunya ta hana, nauyi ya hana. Ga mota, ga kashe kuɗi, ga rashin hawa, ga rashin mafita. Wannan ita ce "white elephant".

Wani zai tambaya, mu a Hausa me muke ce wa irin wannan? Muna da abin faɗa, kuma ba ɗaya ba. Muna cewa abu ya zame wa mutum alaƙaƙai. Muna cewa ya zame masa ƙarfen ƙafa. Muna da ƙadangaren bakin tulu, wanda in an bar shi ya ɓata ruwa, in an kashe shi a fasa tulu. Akwai kuma wadda ta fi saurin zuwa baki saboda ita ma tana da giwa a ciki, wato aikin baban giwa. Suna kusa, amma akwai tazara. Aikin baban giwa wahala ce da aka sha a banza, an yi asara, an wuce. Ita farar giwa ta Bature ba ta wucewa. Tana nan tsaye a gabanka, gobe ma sai ka ciyar da ita. A ganina, in mai fassara labarai yana neman wadda ta fi kusa, ya ɗauki alaƙaƙai ko ƙarfen ƙafa, ya ƙara da bayanin tsadar.

Yanzu sai sashe na biyu. Ina maganar ta fito?

Ku biyo ni zuwa kudu maso gabashin nahiyar Asiya. Akwai ƙasar da ake kira Siyam a da, wadda aka sauya wa suna a 1939 ta koma Tailan. Maƙwabciyarta ita ce Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar. A waɗannan ƙasashe giwa dabbar aiki ce. Ana horar da ita, ta ja gungumen itace daga daji, ta ɗauki kaya, a zamanin da har yaƙi ake fita da ita. Amma nadiran akan sami wata giwa da launinta ya fita daban. Ba fara ce fat kamar alli ba. Fatarta haske gare ta, ja-ja haka, idanunta da gashinta da faratanta su ma da haske. Ita ake kira farar giwa.

Akasarin mutanen can mabiya addinin Buda ne, kuma a cikin abin da suka gada akwai labarin cewa mahaifiyar Buda, Sarauniya Maya, ta yi mafarkin farar giwa kafin ta haife shi. Saboda haka suke girmama ta ƙwarai. In aka gan ta a daji, ta zama ta sarki. Ana kai ta fada da biki, a gina mata barga ta musamman, a sa mata barori, a ba ta suna da muƙami. Ba a sa ta aiki. Ba ta jan itace, ba ta ɗaukar kaya. Yawan fararen giwayen sarki shi ne ma'aunin darajarsa da albarkar mulkinsa a idon talakawansa.

Kada ku ɗauka abin wasa ne. A 1563 Sarkin Bama mai suna Bayinnaung ya aika wa Sarkin Ayutthaya, wato babbar daular Siyam ta wancan zamani, cewa ya ba shi biyu daga cikin fararen giwayensa bakwai. Aka hana shi. Ya ɗaura yaƙi. A 1564 Ayutthaya ta miƙa wuya, ya tafi da huɗu. Masana tarihi sun nuna cewa mulkin yankin yake nema, giwayen hujja ce kawai. Amma ku lura da abin da ya zaɓa ya yi hujja da shi. Daga tsakiyar ƙarni na 19 har zuwa 1916, tutar Siyam jan ƙyalle ce da hoton farar giwa a tsakiya. A 1861 Sarki Mongkut na Siyam ya kafa lambar girma mai sunan farar giwa, kuma har yau gwamnatin Tailan tana bayar da ita ga waɗanda take son karramawa.

Kun ga ke nan, a gidanta farar giwa abar alfahari ce. To yaya aka yi ta zama abar suka a Turanci?

Turawa matafiya da 'yan kasuwa sun je sun gani. Su kuma da idon lissafi suka kalle ta. Giwa babba tana iya cin kilo 150 na ciyawa da ganye da 'ya'yan itace a rana ɗaya. Nauyin buhu uku ke nan na masu kilo 50, kowace rana ta Allah. Tana shan ruwa sama da lita 100. Tana iya rayuwa shekara 60. Duk wannan a kan dabbar da ba za ta ɗauki ko kara ɗaya ba. Daga nan wani labari ya yaɗu a bakin Turawa. Wai in Sarkin Siyam ya yi fushi da wani bafade, ba ya kama shi, ba ya korarsa. Sai ya yi masa kyautar farar giwa. Bafade ba shi da ikon ƙin kyautar sarki. Ba shi da ikon sayarwa, ba shi da ikon sa ta aiki, ba shi da ikon barinta da yunwa. Haka zai yi ta ciyarwa har dukiyarsa ta ƙare. Wannan ku ɗauke shi a matsayin labarin da Turawa suka riƙa bayarwa game da ƙasar da suke kallo daga waje. Amma a kansa aka gina maganar, kuma zuwa tsakiyar ƙarni na 19 masu rubutu da Turanci sun fara kiran duk wata kadara mai cin mai ita da wannan suna.

Akwai wani abin da ya ƙara baza ta. A 1884 wani Ba'amurke mai suna Barnum, wanda sana'arsa ita ce yawo da dabbobi da masu wasa ana biya ana kallo, ya kawo wata giwa daga Bama. Sunanta Toung Taloung. Ya cika duniya da talla cewa ga farar giwa mai tsarki. Aka fara nuna ta a gidan namun dajin Landan. Mutane suka yi cincirindo, suka tarar da giwa mai launin toka da dabbare-dabbare masu haske a fuska da kunne. Gwiwa ta yi sanyi. Wani abokin hamayyarsa mai suna Forepaugh sai ya ɗauko giwarsa ya shafe ta da farin fenti, ya ce tasa ce ta gaske. Jaridun Ingila da Amurka suka yi ta rubutu a kan rigimar, kalmar ta ƙara zama a bakin jama'a.

Masu sauraro, in yanzu kuka buɗe rediyo, muna magana ne a kan "white elephant", abin da ke da tsada, yake cin kuɗi kullum, ba shi da amfani sosai, kuma rabuwa da shi ta gagara. Mun shiga sashe na uku, inda aka fi jin ta a zamaninmu.

Yau an fi faɗar ta a kan manyan ayyukan gwamnati. Ga misali daga Kanada. A 1975 aka buɗe filin jirgin sama na Mirabel domin birnin Montreal. An yi hasashen fasinjoji za su yi ta ninkuwa, saboda haka aka karɓe gonaki masu faɗin gaske, aka tashi dubban mutanen karkara daga gidajensu. Amma filin ya yi nisa da gari, fiye da kilomita 50. Jirgin ƙasan da aka tsara zai riƙa kai mutane can ba a taɓa gina shi ba. Tsohon filin da ke kusa da gari kuma ba a rufe shi ba. Kamfanonin jirage suka riƙa janyewa. A 2004 jirgin fasinja na ƙarshe ya tashi daga can. Ginin saukar fasinjoji ya zauna shekara goma ba kowa, ana biyan kuɗin gadi da gyara, sai a 2014 aka fara rushe shi. Abin da ya fi taɓa ni a labarin nan shi ne manoman. Su suka fara biyan kuɗin giwar, tun kafin jirgi ko ɗaya ya sauka.

Birnin nan dai na Montreal ya gina katafaren filin wasa domin gasar Olympics ta 1976. Sai a 2006 aka gama biyan bashinsa. Shekara 30. Wasa na mako biyu, bashi na shekara 30.

A nan gida, masu karanta jaridun Turanci na Najeriya sun saba ganin "white elephant project", wato aikin da ya zama farar giwa. Sau da yawa za ka ga an haɗa shi da masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta a jihar Kogi. An ƙulla yarjejeniyar gina ta da Tarayyar Sobiyat a 1979. An kafa injuna, an gina gidajen ma'aikata, an tsara za a riƙa kawo tama daga Itakpe. Shekara sama da 40 ke nan ba ta kai ga narka tama ta fitar da ƙarfe yadda aka tsara ba, amma kowace shekara ana ware mata kuɗin albashi da kulawa a kasafin kuɗi. Rufe ta ya gagara saboda abin da aka riga aka zuba da kuma burin da ƙasa ta ɗora a kanta. Kammala ta ma ya gagara. Kun ga sharuɗɗan nan huɗu sun hallara. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi masu karatu da Faransanci, ku ma kuna da ita. "Éléphant blanc" kuke gani a jaridunku, kuma ma'anar ɗaya ce.

Amma a nan ina so mu tsaya mu yi hattara, domin magana mai kaifi tana yanka har inda bai kamata ba. 'Yan siyasa sun gano daɗinta. Duk aikin da abokin hamayya ya fara, sai a ce farar giwa ce tun ana haƙa harsashi. Kai mai sauraro, kada ka karɓa don kawai an faɗa da Turanci. A 1931 aka buɗe dogon benen nan na birnin New York mai suna Empire State, mai hawa 102. Lokacin tattalin arzikin duniya ya karye. Ofisoshi suka zauna ba masu haya, har mutane suka riƙa yi masa laƙabin benen da ba kowa. Sai bayan kusan shekara 20 ya fara kawo riba. Yau yana cikin gine-ginen da aka fi sani a duniya. Wanda ya yanke masa hukunci a shekararsa ta biyu ya yi gaggawa.

Abu na biyu, kuma wannan ya fi damuna. Amfani ba riba ce kaɗai ba. Asibitin ƙauye ba ya kawo wa gwamnati ko sisi. Kullum ci yake yi: magani, albashi, man janareta. Amma in mace mai naƙuda ta isa can da dare ta sami ungozoma, wannan asibiti ya biya kuɗinsa. Makarantar firamare haka, rijiyar burtsatse haka. Kada wani ya kira su farar giwa don suna cin kuɗi. Asibitin da ya cancanci sunan shi ne wanda aka gina da bene da gilasai, aka jibge masa na'urori masu tsada, alhali babu likita, babu wuta, babu wanda ya iya kunna su, amma ana biyan masu gadi. Tambayar da ke raba su ita ce, wa ke cin moriya, kuma ta kai abin da ake kashewa?

Sashe na ƙarshe. Yaya za ka yi amfani da ita? Ɗalibai, ku kusanto, wannan naku ne musamman.

In abu ɗaya ne, ana cewa "a white elephant". Kada ka bar ɗan harafin nan na farko. In suna da yawa, "white elephants". Wajen furuci, harufan nan biyu da ke tsakiyar kalmar giwa, wato "p" da "h", ana karanta su ne kamar "f". Elifant.

Ga jimla. "The new market has become a white elephant." Wato sabuwar kasuwar ta zama alaƙaƙai: an kashe kuɗi an gina, 'yan kasuwa sun ƙi komawa, ana ta kashe kuɗin kula da ita. Ga wata. "That car is a white elephant." Wato motar nan cin kuɗi kawai take yi, ba ta da amfani. In sake faɗa: "That car is a white elephant."

A kan kaya da gine-gine da ayyuka ake faɗar ta. Ba a saba faɗar ta a kan mutum ba. Kuma tsada kaɗai ba ta isa ba. Taraktan da manomi ya saya da tsada, yana noma da shi, yana ba da haya, wannan jari ne. Haka kuma abin da ya lalace aka jefar, ba ya cin komai, shi ma bai shiga ba. Sannan a kiyaye ladabi. Wanda ya yi maka kyauta, kada ka kira kyautarsa da wannan suna a gabansa, ko da kana ganin gwaninta ce ta Turanci. Zai ji zafi, kuma yana da gaskiya.

Kada kuma ku rikita ta da wata 'yar'uwarta mai giwa, wato "the elephant in the room". Wannan giwa ce a cikin ɗaki. Tana nufin babbar matsalar da kowa a wurin ya sani, amma kowa ya yi gum, an ƙi ambatonta. Misali, iyali sun taru ana ta hira, kowa ya san akwai rigimar gado a ƙasa, ba wanda ya ɗago ta. Waccan ta ɗaki maganar shiru ce. Tamu ta yau maganar kuɗi ce.

Akwai kuma wani amfani mai sauƙi da wanda ya yi tafiya zai iya cin karo da shi. A Ingila, in makaranta ko coci na taron tara kuɗi, akan ware teburi guda a kira shi "white elephant stall". Mutane ne ke kawo tarkacen da ba sa buƙata a gida, a sayar da araha. A Amurka kuma, lokacin Kirsimeti, abokan aiki kan yi wasan musayar kyauta mai wannan suna, kowa ya naɗo wani ɗan abu mara tsada, a yi ta karɓe-karɓe ana dariya. In aka gayyace ka irin wannan, ba zagi ba ne, kuma ba a jiran ka kawo abu mai tsada.

Ga ɗan aiki kafin haɗuwarmu ta gaba. Kowa ya duba gidansa, ko unguwarsa, ko garinsa, ya nemo abu ɗaya da yake ganin ya dace da sunan nan. Ya auna shi da tambayoyin nan: an kashe kuɗi da yawa? Yana ci har yanzu? Wa yake amfana? Me ya hana a rabu da shi? In ya cika, a rubuta jimla ɗaya da Turanci a kansa, a rubuta ma'anarta da Hausa a ƙasa, a nuna wa malami ko wani wanda ya iya ya duba.

Lokacinmu ya cika. Sai Allah ya sake haɗa mu. A huta lafiya.